Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha a kan Guzurin Tsufa



Godiya ta tabbata ga Allah, Mai azurta bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan Allah ya yi maka tsawon rai, akwai wata rana da ke tafe gare ka. Rana ce da gwiwa za ta ƙi kai ka gona, ido ya kasa zura zare a allura, ko kuma a miƙo maka takardar ajiye aiki a yi maka godiya. Tukunyar gidanka ba ta san da wannan rana ba. Da safe za ta nemi a ɗora ta kamar yadda ta saba, kuma kuɗin magani zai ƙaru a daidai lokacin da kuɗin shiga ya ragu.

Wannan magana ba ta cika shiga wa'azinmu ba, domin muna jin nauyin ambaton kuɗi a masallaci. Amma a masallacin ne muke ganin ƙarshenta. Sau nawa aka sallame salla, dattijon da ka san ya taɓa riƙe gida da baƙi ya miƙe tsaye, muryarsa na rawa, yana neman a taimaka masa da abin sayen magani? Jama'a takan bayar, Allah ya saka mata da alheri. Sai dai duk wanda ya dubi fuskar dattijon ya san abin da miƙewar nan ta ci masa.

Na daɗe ina riƙe wa ƴan kasuwa littafin lissafi, akan kuma kira ni in yi rubutu idan za a raba gado. A cikin wannan hidima na ga mutane da dama waɗanda suke da wadata suna da shekara 45, suka wayi gari ba su da komai suna da 70. Mafi yawansu ba almubazzarai ba ne, ba su kuma yi caca ba. Abin da ya same su shi ne, dukiyarsu duka mai buƙatar ƙafarsu ce. Muddin suna hawa mota zuwa Kano ko Kwatano, kuɗi na shigowa. Ranar da ƙafa ta tsaya, komai ya tsaya tare da ita. Saboda haka ma'aunin da nake so ka riƙe a cikin wannan rubutu guda ɗaya ne. Duk abin da za ka zuba dukiyarka a ciki, ka tambayi kanka: wannan zai ciyar da ni ranar da ba na iya tashi?

Na san wani zai ce, to ina tawakkali? Ai arziki na Allah ne. Gaskiya ne, babu mai ja. Amma wanda ya fi kowa tawakkali, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kuma ya inganta cewa yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Ka tuna shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar: su yi noma shekara bakwai, su bar abin da suka girbe a zangarniyarsa, ban da ɗan abin da za su ci, saboda shekaru bakwai na fari da ke biye. Kakanninmu haka suka yi. Dammunan hatsi suke jerawa a rumbu ba tare da sussuka ba, kuma babban manomi shi ne wanda sabon hatsi ke tarar da tsohon a rumbunsa. Ƙuruciya ita ce shekarun yalwa, tsufa kuwa shekarun fari ne da aka sanar da kai zuwansu tun da wuri.

Wani kuma zai ce, ni ƴaƴana ne tanadina. Shari'a ta wajabta wa ɗa mai hali, namiji ko mace, ciyar da iyayensa matalauta, kuma babu abin kunya ga uba ya ci daga hannun ɗansa. Amma dubi halin da ƴaƴan ke ciki. Ɗaya yana cin rani a Libiya, wata uku ba a ji muryarsa ba. Ɗaya ya gama karatu yana neman aiki. Wanda ya samu ɗan abin yi yana da mata da yara shida. Da yawa daga cikinsu suna son yi, hali ne babu. Uban da ke da guntun gatarinsa, idan ɗa ya kawo masa alheri sai ya sa masa albarka da zuciya sake. Wanda ba shi da shi kuwa kullum kunnensa na ga waya, har ƙauna ta fara gaurayuwa da ƙorafi.

Mafarin aikin lissafi ne. Zauna da maiɗakinka ku rubuta abin da gidan ke ci a wata: cimaka, cefane, itace ko gas, ruwa da wuta, sabulu, magani, hidimar zumunci. Mu ƙaddara ya kama jikka 120. A shekara ya zama miliyan 1 da jikka 440. Idan Allah ya ba ka shekara 20 bayan ka daina aiki, kana buƙatar miliyan 28 da jikka 800, ko da farashin kaya bai motsa ba, alhali ka san zai motsa. Mutum nawa ne a sahunmu za su iya tara wannan su ajiye? Ka ga ke nan tarawa kaɗai ba za ta fisshe mu ba. Randa komai girmanta, idan ana ɗiba ba a zubawa, ranar ƙarewarta na zuwa. Abin da tsoho ke buƙata rijiya ce, wadda za a ɗiba yau gobe ta sake kawo ruwa. Rijiya kuwa da sauran ƙarfi ake gina ta.

Idan kai ma'aikaci ne, kana da rijiya guda da aka fara gina maka, wato fansho. Ma'aikatan gwamnati suna ƙarƙashin asusun CARENI, na kamfanoni da ƙungiyoyi kuma suna ƙarƙashin CNSS, inda ake cire wani kaso daga albashinka, mai aikin ya ƙara nasa. Kada ka jira sai shekarar ƙarshe kafin ka duba lamarinka. Ka tabbatar an yi maka rajista, kana da lamba, kuma watannin da aka cire maka duka suna rubuce. Ka adana takardun albashi da na ɗaukar aiki da na ƙarin girma a wuri guda. Ka duba sunanka: da yawa daga cikinmu an rubuta shi iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a katin ɗan ƙasa, wani iri kuma a takardar aiki, ga waɗanda aka rubuta musu an haife su wajejen shekara kaza. Gyaran harafi ɗaya abu ne mai sauƙi ga mai shekara 40 da albashi a hannu, amma wahala ce ga mai 60 da ke jiran kuɗin farko. Ka yi wa aurenka da ƴaƴanka takardu, domin da su ne iyali za su karɓi haƙƙinsu bayanka. Sannan ka sani fansho wani yanki ne na albashi, bai kai shi ba, don haka yana buƙatar abokin tafiya.

Mafi yawanmu kuwa manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, babu asusun da ke jiranmu. Abin da muka fi sabawa da shi shi ne ajiye tsabar kuɗi. Ajiyar tana da amfani, kuma ya kamata kowane gida ya riƙe abin da zai ishe shi wata uku zuwa shida saboda ciwo ko gobara, a wurin da hannu zai kai da sauri. Abin da ya wuce haka, idan ya kwanta, raguwa yake yi. Manyanmu ba su manta watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100 a dare guda. Ƴan kasuwarmu na bakin iyaka da ke riƙe naira sun ga canjin takardun kuɗi na ƙarshen 2022 da farkon 2023, sannan suka ga dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Kuɗin da ke kwance kuma zakka na bin sa kowace shekara. Shi ya sa Sayyidina Umar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya yi umarni a juya dukiyar marayu a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Tsohon da za ka zama gobe shi ma amana ne a hannunka, kamar marayan.

To a ina za a zuba? Bari mu ɗora ma'auninmu a kan abubuwan da muka sani.

Gidan haya yana cikin waɗanda suka fi cin wannan jarrabawa, domin ba ya neman ƙafarka. Amma ka yi lissafinsa da gaskiya. Mu ƙaddara ɗakuna 4 ne, kowane jikka 15 a wata. A baki jikka 720 ke nan a shekara. Cire watannin da ɗaki zai zauna babu kowa da waɗanda ɗan haya zai ba ka haƙuri, cire yaɓe da gyaran rufi da kwashe masai, cire haraji. Abin da ya saura, wataƙila wajen jikka 500, shi ne abincinka. Kafin ka sayi fili, ka je ka gan shi da damina. Ruwan 2024 ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Birni ya faɗi, kuma waɗanda suka yi gini a kwari ko a hanyar ruwa su suka fi ɗanɗanawa. Kada ka biya sai ka ga takarda ka kuma tantance ta a ma'aikatar magajin gari, domin fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne a kotunanmu.

Gona da garka su ma rijiya ce, idan akwai wanda zai noma da amana, ko a ba da su haya da kuɗi sananne. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye da ake kira COFO, tun daga ƙauye har zuwa gunduma, kuma suna ba da takardar shaidar saye ko gado ko kyauta ko aro. Shaidun baka suna mutuwa, iyakar da aka yi da gamba tana gushewa, takarda ce ke saura ga marayu. A nan ina jan kunnenka game da jinginar gona irin wadda ta yaɗu a karkararmu: ka ba mabuƙaci bashi, ka karɓi gonarsa kana nomawa kana ci shekara da shekaru, sannan ya maido maka da kuɗinka cif. Malamai sun yi bayani cewa bashin da ya jawo wa mai shi amfani ya shiga babin kuɗin ruwa. Guzurin tsufa da aka gina a kan hawayen maƙwabci ba abin so ba ne.

Dabba ita ce bankin kakanninmu, tana haihuwa, tana ba da nono da taki. Turkar rago ko sa domin sallar layya tana da riba ga wanda ya sayi dussa da harawa da kowar gyaɗa tun da kaka suna araha. Fulani suna da al'adar habbanaye, inda ake ba ɗan'uwa saniya ya riƙe har ta haihu, ya samu iri, uwar ta koma ga mai ita. Hikima ce ta taimako da kuma rarraba dukiya a garke fiye da ɗaya. Amma wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ko ya ji labarin 2005 da 2010, ya san garke na iya ƙarewa a bazara guda. Ka yi wa dabbobinka rigakafi, ka rage su tun suna da nama idan ka ga damina ta gaza, kada ka jira sai saniya ta koma kuɗin tiya kaɗan na hatsi.

Sayen hatsi da wake da kaka a sayar da bazara hanya ce da kowa ya sani, kuma halal ce muddin ba ta cutar da jama'a. Idan abinci ya yi wuya, mutane na nema, kai kuma ka kulle sito kana jiran ya ƙara tsada, ka faɗa cikin ɓoyon da aka hana. Ka kuma sa a lissafinka cewa ƙwari na ci, albasa na ruɓewa ta rage nauyi, kuma shekarar da gwamnati ta fito da cimaka a farashi mai rahusa ko aka hana fitar da kaya waje, farashi na iya faɗuwa ƙasa da yadda ka saya. Wanda kuma duk kasuwancinsa hanya ɗaya yake bi, ya tuna rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wadda ta biyo bayan Yuli 2023.

Akwai jarin da ke ruɗin mutane da yawa, musamman masu karɓar kuɗi a dunƙule bayan ajiye aiki: babur ɗin kabu-kabu, adaidaita, motar haya, injin niƙa. Suna kawo kuɗi kullum, shi ya sa suke da daɗi. Amma mu ƙaddara ka sayi babur jikka 600, yaro na kawo maka jikka 2 a yini, kwana 26 a wata. A shekara ka karɓi jikka 624. Wannan ba riba ba ce tukuna, uwar kuɗinka ce ta dawo maka guntu-guntu, babur ɗin kuwa yana tsufa. Idan ka cinye abin da ke shigowa duka, bayan shekara biyu ko uku sai ka tarar babu babur babu kuɗi. Mai irin wannan jari dole ya raba abin da ya shigo gida uku: na gyara, na sayen sabo, sannan na ci.

Idan kana da jari ba ka da ƙarfi, shari'a ta buɗe maka ƙofar ƙiradi: kai ka kawo kuɗi, wani ya kawo aiki, ku raba riba bisa kason da kuka yarda, rabi da rabi ko sulusi da sulusi biyu. Ba ya halatta ka ce kowane wata sai ya ba ka jikka kaza ko an ci ko an faɗi, kuma idan hasara ta zo ba da sakacinsa ba, a kan dukiyarka take, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. Wannan ita ce hanyar da attajiran Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna tayar da yaransu da ita. Sharaɗinta amana da rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Na sha zama a wurin rabon gado inda magada suka san mahaifinsu ya ba wani jari, wanda aka ba ma bai musa ba, amma babu wanda ya san adadin, sai zumuncin shekara 30 ya lalace a zama ɗaya. Rubutu ba zargi ba ne, kariya ce ga wanda ka amince wa.

Ga mai son bi ta banki, a ƙasarmu akwai Bankin Musulunci na Nijar, wasu cibiyoyin kuɗi kuma sun buɗe sashen mu'amala marar kuɗin ruwa. Akwai kasuwar hannun jari ta ƙasashe 8 masu amfani da sefa a yammacin Afirka, BRVM, da ke Abijan, inda mutum zai sayi ɗan yanki na kamfani ta hannun dillalin da aka ba izini, ya riƙa karɓar rabonsa na riba idan an samu. Malaman zamani sun sa sharaɗi: sana'ar kamfanin ta zama halal, ba giya ba, ba caca ba, ba bashi da ruwa ba. Akwai kuma takardun sukuk, waɗanda Senegal ta fara fitarwa a yankinmu a 2014. Kowace ce ka nufa, ka sa a karanta maka yarjejeniyar da harshen da kake ji kafin ka sa hannu, kuma darajar hannun jari tana hawa tana sauka, don haka ba wurin ajiye kuɗin magani ba ne.

Wanda kuwa ya zo maka ta waya ko ta bakin aboki da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya ce ka kawo mutum biyu a ƙara maka, ka tambaye shi me ake saye, me ake sayarwa. Idan babu amsa, kuɗin na baya ne ake biyan na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa sai a rufe ƙofa. Haka MMM ta yi da jama'a a Najeriya a ƙarshen 2016, kuma irinta na sake dawowa da sabon suna. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ka lura babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ba ta da shekarar faɗuwa. Fari na kashe dabba amma ba ya rushe gida. Ambaliya na rushe gida amma takan bar makiyaya da ciyawa. Rufe iyaka na tsayar da fatauci amma ɗan haya na nan. Mai hankali yakan haɗa biyu ko uku waɗanda musiba ɗaya ba ta haɗa su. Kuma gwargwadon yadda shekaru ke ja, sai ya riƙa janye dukiyarsa daga mai buƙatar gudu zuwa mai zuwa da kanta.

Yanzu sai haƙƙoƙin da ke kan dukiyar, domin abin da ya saura bayan fitar da su shi ne naka. Na farko zakka. A kuɗi da zinariya da kayan kasuwanci, idan sun kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, kimanin giram 595 na azurfa, kuma shekara ta zagayo, ana fitar da ɗaya bisa 40. Mai miliyan 4 zai fitar da jikka 100. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai kanti da ke saye da sayarwa kullum yakan ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara ya haɗa da kuɗin hannunsa. Wanda kuwa ya sayi kaya ko fili ya ajiye yana jiran kasuwa, sai ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara guda. Ginin gidan haya babu zakka a kansa, sai a kuɗin hayar idan sun taru sun kai nisabi sun shekara. Tumaki da awaki ana haɗa su, idan sun kai 40 a ba da guda. Shanu 30 a ba da maraƙi. Raƙuma 5 a ba da tunkiya ko akuya. Hatsi da dawa da wake, idan sun kai nisabi, ɗaya bisa 10 ne ga noman damina, ɗaya bisa 20 ga wanda aka shayar da wahala. Albasa da kayan garka babu zakka a kansu, sai a kuɗinsu idan sun shekara. Zinariyar da mace ke ado da ita babu zakka, amma wadda aka saya don ajiya akwai. Ka tsayar da wata guda na Musulunci ya zama watan lissafinka, ka kai wa malami abin da ya shige maka duhu. Raba garke ko kyautar ƙarya gab da cikar shekara don guje wa zakka dabara ce da ba ta ɓoyuwa ga Wanda ake yi dominsa.

Na biyu haraji, ko lanho kamar yadda iyayenmu ke cewa. Ma'aikaci ana cire masa tun daga albashi. Mai kanti da mai sana'a suna da fatanti, ƙananan ƴan kasuwa kuma akwai tsarin da ake dunƙule musu harajinsu wuri guda. Gidan haya yana da nasa, kasuwa da tashar dabbobi suna da na magajin gari, kayan da suka ƙetaro iyaka suna da na duwan, ga TVA ta kashi 19 cikin 100 da ke cikin farashin kaya da yawa. Tsara haraji ba ɓoye dukiya ba ne. Ma'anarsa ka san rukunin da kake ciki don kada a ɗora maka na wanda ya fi ka, ka karɓi lambar NIF idan harkarka ta kai, ka riƙa ware kason haraji duk wata kamar yadda kake zubin adashe, ka biya kafin wa'adi don tara ba ta da amfanin komai, ka kuma adana kowace takardar shaidar biya. Dokar kasafin kuɗi tana sauya wasu ƙa'idoji kusan kowace shekara, saboda haka ka leƙa ofishin haraji a farkon shekara ka tambaya da bakinka. Harajin da aka ƙi biya ba ya mutuwa. Yakan jira ranar da za a sayar da gidan ko a sauya sunan mai shi, ya faɗo a kan magada. Abin da ka miƙa a ɓoye don a rufe ido kuwa, ba ka da shaidarsa a duniya, a lahira kuma shaida ce a kanka. Kuma haraji ba ya ɗauke zakka, domin ita an ambaci masu cin ta kashi takwas a Suratut Tauba.

Ya ƴar'uwa, wannan magana ta fi shafar ki. Dukiyarki taki ce, miji ba shi da iko a kanta sai da yardarki. Ki tuna rabon mata a gadon miji tumuni ne idan yana da ɗa, kuma tumunin nan guda ake raba wa matan duka; idan ku huɗu ne, kowace ta tashi da ɗaya bisa 32. Hukuncin Allah adalci ne, domin ya ɗora ciyar da ke a kan ƴaƴanki, amma kin ji halin da ƴaƴan ke ciki. Kada kuɗin adashenki su ƙare duka a anko da kayan ɗaki. Ki mayar da wani kaso akuya, ko fili, ko jarin ƙuli-ƙuli da mai, da sunanki da takardarki. Kai kuma maigida, idan kana son ka bar wa matarka ko wata ƴarka wani abu na musamman, ka sani babu wasiyya ga magaji, kuma wasiyya ga wanda ba magaji ba ba ta wuce sulusi. Hanyar ita ce kyauta tun kana da lafiya, ka yi adalci a cikinta, wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa, a yi shaidu da takarda. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya kwanta ciwon ajali, ta koma cikin gado. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya so ya yi sadaka da mafi yawan dukiyarsa yana jinya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a sulusi, ya nuna masa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙon mutane.

Idan kana da shekara 30, abin da ka fi kowa shi ne lokaci. Ware ɗaya bisa 10 na duk abin da ya shigo kafin ka taɓa sauran, ko da dala ɗari ce, da yayyafi kogi ke cika. Idan kana da 45, wannan ne lokacin mayar da ribar fatauci gini da gona, da koya wa wani yaro harkarka tun kana iya duba shi. Idan ka kai 60 kuma kuɗi sun zo maka a dunƙule, ka ba su wata uku ba ka taɓa ba. A cikin watannin nan masu shawara za su yi yawa, har da masu kawo maka labarin wata bazawara mai hankali. Aure halal ne, amma shi ma a sa shi a lissafin jikka 120 ɗin nan. Ka fara biyan bashi, domin shi ne ke riƙe mamaci, sannan ka gyara rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa, sannan ka nemi rijiyarka.

Wanda kuma Allah bai hore masa abin ajiyewa ba, bai yi laifi ba, kuma haƙƙinsa yana wuyanmu. Wannan ma dalili ne na tanadi: a sahun tsofaffi a samu masu bayarwa, kada duka su zama masu jira.

Allah ya sa ƙarshen rayuwarmu ya fi farkonta kyau, ya yalwata mana arzikinmu a lokacin tsufanmu, ya tsare mu daga haram da bashi da miƙa hannu ga wanda ba Shi ba. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.